Kwana Biyar Ban Hau Babur Ba

Buhun albasa na goma sha ɗaya ne ya kama ni.
Na sunkuya, na yi bismillah, na ɗaga,
sai wani abu ya ƙulle a ƙuguna
kamar igiyar guga da ta sha ruwa ta bushe a rana.
Na tsaya a karkace tsakiyar lambu,
ba zama, ba miƙewa,
tsokar baya na harbawa ita kaɗai
kamar tarwaɗar da aka jefo kan tudu.

A amalanken Ilu aka kai ni Taura.
Kowane rami a hanyar nan sai da muka gaisa.

Malama Hansatu ba ta yi saurin rubutu ba.
Kana shan wani magani? Ka taɓa yin shawara?
Ƙoda fa, lafiya?
Na ce akwai jiƙon saiwa a gora.
Ta ce a jingine shi tukuna.
Ta ƙirgo ƙwaya goma cikin 'yar leda,
ta zana rana, ta zana wata a jiki:
ɗaya da safe, ɗaya da dare,
kwana biyar, sai a tsaya.

"Haladu, wannan tsoka yake sassautawa,
amma bai san ta baya da ta fatar ido ba.
Zai sauko maka da barci.
Babur, a'a. Injin ban-ruwa, a'a.
Rijiya kuwa, ko leƙe.
In ka manta ɗaya, kada ka haɗa biyu,
wannan ba bashin azumi ba ne da za a rama.
Kada ya gamu da maganin barci,
ko na tarin nan mai bugarwa,
ko jar ƙwayar da samari ke haɗiya kafin su kama garma.
In suka haɗu a ciki, numfashi ne ke yin ƙaura.
Ka ga fuska ta kumbura, ko ƙirji ya toshe,
kada a jira gari ya waye."

Daren farko na ji ƙullin yana kwancewa
zare bayan zare.
Da asuba na zabura zan tashi,
ɗaki ya juya da ni sau ɗaya, ya ajiye ni.
Daga nan na koyi tashi irin na raƙumi:
zama tukuna, a huta, sannan ƙafa.

Babur na zaure,
har kaza ta mai da sirdinsa wurin kwana.

Rana ta uku baya ya yi shiru.
Aka ce albasa ta yi kuɗi a Gujungu.
Na laluba aljihu, ba makulli.
Tasalla na tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba,
ga shi can ƙulle a bakin zaninta.
Na yi faɗa, na yi faɗa,
ban kai ƙarshen faɗan ba hamma ta ƙwace shi.
A kan tabarma na farka, la'asar ta wuce.
Da a kan kwalta ne fa?

Barau ya leƙo da wuya a sanƙare:
"Sam mini biyu cikin naka."
Na ce da jikina aka auna shi, kamar ɗinkin tela,
je ka a auna naka.
Ya ce rowa. Na ce na ji.
Na mai da ledar cikin gwangwani, can saman azara,
inda hannun Ɗanliti ba ya kaiwa ko ya taka turmi.

Rana ta shida leda ta zama fanko.
Ban nemi ƙari ba.
Sai da kaina ya washe tas
Tasalla ta kwance bakin zani.

Ga ni a lambu, ga buhun nan yana kallona.
Na lanƙwasa gwiwa, na bar baya a miƙe,
na ƙwala wa Ilu kira.
Ashe tun fil'azal
kunne biyu aka yi wa buhu.