Tarar Kwana Huɗu

Takardar ta zo a ninke cikin jakar Lawali,
tsakanin kaye da guntun alli.
Tsahara ce ta karanta mani,
ni faransancina bai wuce bakin duwan ba.
Jika biyar, in ji ta. Tara.
Yaro ya yi kwana huɗu bai zo lakwal ba.

Na sa rigar Juma'a ranar Talata,
na hau kabu-kabu daga Bagalam
da takardar a aljihu, tana ƙuna kamar garwashi.

Mushe Darakta, ina kwana.
Ban zo da faɗa ba, ga hulata a hannu.
Ni direban babbar mota ne, Maradi zuwa Kwatano.
Hutunku yana rubuce a bango tun farkon shekara,
nawa yana cikin cikin inji:
ranar da ya buga, ranar ce sallata.
Makon jiya ya buga a Gidan Rumji,
Allah ya saka masa da alheri.

Wata biyar rabona da kwana uku a jere cikin ɗakina.
Da na shigo, yaron nan ya durƙusa
ya ce mani "sannunku da zuwa,"
irin gaisuwar da ake yi wa mai karɓar kuɗin wuta.
Ya ba ni tabarma, ya koma bayan uwarsa.
Mushe, nawa ne tarar wannan,
kuma wa zan kai wa takarda?

Shi ya sa na ɗauke shi zuwa Madarunfa.
Kakarsa Kuluwa, da yana ta rufe wa ido,
ta karance fuskarsa da yatsu,
ta ce kunnuwan na mijinta ne.
Mun shiga kwalekwalen wani masunci mai haƙori ɗaya,
ya koyi bambanta tarwaɗa da karfasa,
ya ƙirga balbelu har tamanin, sauran suka tashi.
Dare na uku ya yi barci bisa cinyata,
yawunsa ya jiƙe mani wando.
Da safe ya ce, "Baba, kai, tashi!"
Kai. Ba ku ba.

Darakta ya cire tabarau, ya murza ido.
Ya ce doka ba ta san sunan kowa ba.
Ya ce in ya buɗe wa mutum ɗaya ƙofa,
arba'in za su bi, kowa da bikinsa, kowa da kakarsa.
Ya ce ranar Laraba aka fara lissafin rabawa,
kujerar Lawali ce kaɗai ta ji.
Ya ce, "Ko izini ba ka nema ba, malam."

Wannan ta same ni. Ban nema ba.
Kuma na san kunyar dangwala yatsa
a gaban ɗan sandan da ban girmi ƙanena ba.
Ba na so wa ɗana tawada a babban yatsa.

Amma na ce: jika biyar ta iya rabawa?
In na ajiye ta nan, ita za ta zauna da shi da marece?
A ba malamarsa, ta maimaita masa darasin,
in biya ina dariya.

Ya daɗe yana kallon fankar da ba ta juyawa.
Ya ce zai kai maganar gaban kwamitin iyaye,
amma yau, sai an biya.

Na biya. Ya buga hatimi.

An gyara inji, gobe da asuba zan kama hanya.
Rasit ɗin kuwa na neme shi na rasa,
sai ɗazu na gan shi cikin bahon wankin Tsahara:
Lawali ya ninke shi kwalekwale,
yana hura shi daga wannan gaɓa zuwa waccan,
hatimin yana narkewa cikin ruwa.