Makiyayin Walƙiya

A Valparaíso, can ƙololuwar tudu,
inda gidaje ke dafa kafaɗar juna
don kada su zame su faɗa teku,
mahaifina Belarmino ya ajiye aiki
bayan shekara talatin yana gyaran taragon igiya
mai hawa da mutane kan dutse.
Ya ce shi yanzu walƙiya zai kiwata.

Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Bututun ruwa ya samo, tsawon kamu biyu,
da jar waya siririya kamar silin gashi.
Ni ke juya bututun, shi ke jera wayar,
zagaye na bin zagaye, ba hawa, ba rata.
Dubu da ɗari yake nema.
A ɗari shida da sha biyu
wayar aljihuna ta yi kuka, na duba,
lissafi ya ɓace mana.
Bai ce uffan ba. Ya warware duka.
Ran nan na san shiru ma yana da nauyi.

Kwalabe goma sha biyu cike da ruwan gishiri,
kowace ya naɗe ta da takardar alminiyum,
ya ce nan wuta za ta riƙa tara numfashi.
Taransifomar kuwa daga allon wani kantin magani ta fito,
wanda ya rufe tun ina 'yar makaranta.
Kusoshi biyu suna kallon juna, ba sa taɓawa.
A can sama ya ɗora zoben ƙarfe
kamar gammo a kan mai tallar da ba ta da kaya.

Iskar teku ba ta son aikinsa.
Ta lasa, ta bar danshi, ta bar tsatsa.
Sau bakwai yana shafe wayar da ƙaro,
sau bakwai yana jiran ta bushe.

Daren farko: ƙara kamar ana yaga zani,
wari, hayaƙi, kwalba ɗaya ta tsage.
Walƙiya ko ƙyas.

Ya zauna kan akwati yana murza gemu.
"Fresia," ya ce, "kin tuna lilonki?
Ba ƙarfi ke kai yaro sama ba.
Ki tura kafin lokaci, kin tare shi.
Ki tura a makare, kin tura iska.
Waɗannan biyun ba su san lokacin juna ba tukuna."

Sati uku yana matsar da maƙalli ɗaya,
yau gaba da faɗin yatsa,
gobe baya da rabinsa,
yana rubutawa a bayan tsohuwar kalanda.

Daren Talata ya buga sandar ƙarfe cikin ƙasa,
ya ja layi da alli, ya ce kada in ƙetare.
Hannunsa na hagu cikin aljihu,
dokar da ta kai shi furfura.
Ya kashe fitila.

Sai ga ta.
Shuɗiya mai ratsin shunayya,
saiwoyi ne suke tsirowa sama,
suna lalube cikin duhu, suna neman abin kamawa,
suna mutuwa, suna sake haihuwar kansu.
Ɗakin ya ɗauki ƙamshin da ke biyo bayan aradu.
Doguwar fitilar da ya ba ni in riƙe
ta kama a hannuna,
ba waya, ba soket, ba kowa.
Na ga fuskarsa cikin hasken:
yaro ne ɗan shekara tara.

Daƙiƙa arba'in.
Sai fis ya ƙone, gida ya yi ɗif.
Maƙwabciya Griselda ta leƙo ta taga
tana tambayar wa ya cinye mata rediyo
ana tsakiyar wasan ƙwallo.

Bai ji ta ba.
Ya kyasta ashana, ya lalubo kalanda,
hannunsa na rawa, ya rubuta:
"Taƙi biyu. Za ta iya uku.
Gobe a matsa kaɗan."