Abin da Wuƙa Ta Gani

Ni ba na harbi. Fiɗa nake yi
a bayan Farin Gada, inda rumfata ta jingina da bangon mai walda.
Maharba su kawo, ni in buɗe,
abin da bindiga ta ɓoye wa mai ita
wuƙata ce ke raɗa mini.

Asubar Talata, sanyin Jos na cizon yatsu,
Tanimu ya sauke gada daga bayan babur,
baki har kunne:
"Faɗuwa ɗaya, Barau, ko shurawa ba ta yi ba!"
Na zare fata.
Kafaɗa ta zama kunu,
ƙashi ya dagargaje cikin tsoka kamar an daka kwalba a turmi,
jini ya kwanta baƙi ƙirin har gindin wuya.
Na yanke na yar.
Na ƙara yankewa na yar.
Ranar nan karen mai walda ya cinye rabon gida uku.

Harsashinsa ƙarami ne, mai gaggawa,
irin yaron da ke faɗawa ɗaki kafin sallamarsa ta iso.
Yana taɓa ƙashi sai ya tarwatse,
ya shuka dalma cikin nama, ƙanana kamar tsabar acca.

Dalyop kuwa, da ya bar ƙuruciyarsa a ramin kuza,
nasa biyar ne kacal, cikin tsohuwar safa, cikin gwangwanin madara.
Yakan jera su a cinya,
ya ɗaga ɗaya, ya jinjina, kamar mai sayen dankali a Bukur.
Mai nauyin yake ɗauka, mai rigar jan ƙarfe,
wanda ke buɗe baki a hankali bai rabu da jikinsa ba.
Ya ce mini, gudu na masu tsere ne,
ni abinci na fito nema.

Yakan zauna a gindin duwatsun Shere har ƙafa ta mutu
yana jiran ta juya masa gefe.
Tafin hannu ɗaya bayan kafaɗa,
tsakanin haƙarƙari biyu.
Mashiga kamar kan ɗan yatsa,
mafita bai kai ƙwan zabo ba,
abin da ya lalace huhu ne, sai ɗan abin da zan rufe da tafina.
Wata rana ba ta juyowa.
Sai ya saɓa bindiga ya dawo da biyar ɗinsa cif,
Kachollom ta tare shi a ƙofa:
"Yau ma harsashin za mu dafa?"

An yi gwate a gidan Tanimu da ragowar naman nan.
Ladiyo, 'yarsa mai shekara shida,
ta tsaya da tauna, ta tofa wani abu a tafin uwarta.
Toka-toka, bai kai ƙwayar gero ba.
Wanda haƙori ya kama ke nan.
Waɗanda suka wuce fa, wa ya ƙirga?

Ya zo rumfata da shi ƙunshe a takardar magi,
bai ce komai ba.
Na buɗe aljihun tebur na ɗauko wanda na taɓa tsinta
ƙarƙashin fatar wata barewar Dalyop:
ya buɗe kamar furen kabewa, ko ɓantare babu.
Na ajiye su gefe da gefe a kan katakon sara.

Ya ce, irin wannan tsada gare shi.
Na ce, nawa ne kafaɗa?

Bai amsa ba, ya tada babur.
Amma jiya da la'asar, ina wasa wuƙa,
na hango shi a bencin mai shayi, kusa da tsohon,
gwangwanin madara a buɗe tsakaninsu,
shayinsu ya huce, ba wanda ya kula.