Babi Na Huɗu, Gidan Yarin Gusau

Makullai goma sha ɗaya a ƙuguna,
takardun jami'a a aljihun kaki.
Ƙarfe biyun dare, tocila a haƙorana,
ina haddar haƙƙin wanda ake tuhuma.

Malam Maiwada na ɗaki na shida bai runtsa ba.
Ta tsakanin ƙarafa yake mini bita
kamar ɗan aji uku.

"Kwana nawa doka ta ce, Kofur Lawwali,
kafin a kai mutum gaban alƙali?"
Na ce biyu.
Ya ce, "Ka ci."

Daminarsa biyar ke nan yana jira.

Ran Asabar a zauren jarrabawa
ita ce tambayar farko.
Alƙalamina ya daɗe a sama
kafin ya sauka.