Shaidu Uku

Littafin kuɗinmu ɗaya ne, amma a gida uku yake kwana:
Maraɗi, Damagaram, Yamai.
In biyu suka ce i, in buɗe aljihun tebur.
In ɗaya kaɗai ya ce i, to, bakinsa ne kawai.

Ranar Laraba hadari ya taso ta wajen Madarumfa,
ya kada ƙarfe a hanyar Gidan Rumji,
rezo ya ɗauke tun kafin la'asar.
Injinmu bai mutu ba, yana ta huci ƙarƙashin kanta,
yana kiran ƴan'uwansa, babu mai amsawa.

Iya Cima ta miƙo lamba a bayan takardar likita:
jikka arba'in, ɗanta ya turo daga Arlit.
Allon gabana ya ce kuɗin suna nan.
Suna nan, ko ɗazu suna nan?
Allo ba ya ƙarya,
labarin ɗazu yake faɗa da muryar yanzu.

Bara na yarda da shi.
Na ƙirga wa wani mai hula jikka sittin,
ashe a Tasawa an ƙirga wa ƙanensa su,
lamba ɗaya, cikin sa'a ɗaya.
Da asuba littattafan suka gamu, kowa da gaskiyarsa.
Albashina ne ya raba gardama.

Sahabi mai gyaran inji ya gaya mani, yana kurɓar shayi:
muddin igiya ta tsinke, zaɓi ɗaya gare ka,
ko ƙofa a buɗe, ko lissafi daidai.
Shi ya faɗa ya hau babur.
Ni aka bari da idon tsohuwa.

Na ce, Iya, a ɗan jira.
Ta ce, ɗana, zazzaɓin jikata bai san jira ba.
Ruwa na dukan kwano, layi ya kai bakin mai tsire.

Na laluba aljihuna, jikka uku,
na rubuta sunanta a ƙaramin kaye na,
littafi na huɗu, wanda ba shi da kwafi ko'ina,
in ya jiƙe, shi ke nan.

Bayan isha rezo ya dawo.
Kafin in ƙifta ido ukun sun daidaita:
kuɗin Cima ne, ba wanda ya taɓa su.
Ita kuwa tuni kabu-kabu ya kai ta Bagalam.