Ƙugin Famfon Gidaɗo

A Mai Wurno, bayan gidanmu akwai ɗaki,
da can na ajiyar dawa ne da akumarin jaki.
Na share shi, na toshe taga da tsummoki,
na ce a nan za a ɗauki garaya.

Mu'awiya ɗan baffana, da ke aiki a Bahri
inda bango ya sha soso, ƙofa ta fi katifa kauri,
ya yi min dariya a waya tun da fari:
"Ɗakin laka? Kowa da kiwon da ya karɓe shi.
Kawo tsohon wurinmu, ka biya masu shi,
kar ka wahal da shi a kan ƙarya."

Makirfo na gwanjo na sayo a Sinnar,
da kwamfuta mai zafi kamar kaskon kisra.
Kwalin ƙwai tamanin na bi shaguna na tara,
na manna har rufi, na rataya bargo biyu,
ɗakin ya daina mayar min da murya.

Sai fanka, dole a kashe ta.
Sai firjin Inna Batula da ƙanƙarar sayarwarta:
duk daren ɗauka ni ke biyan abin da ya narke mata,
tana zana alli a ƙofa, ba ta yafe ko ɗaya.

Baba Ishaƙa ya zo bayan lisha,
gumi na bin gemunsa tun bai zauna ba.
Ya ce, "Yaro, ɗaki ne wannan ko tanda?"
Ya gyara zama, ya taɓa tsirkiya.

Sau goma sha ɗaya muka ɗauka.
Jakin mai ruwa ya ɓata ta uku,
ta bakwai wuta ta ɗauke ana tsaka,
ta ƙarshe ta fito sumul. Na aika Bahri,
na kwana ina jiran a ce na iya.

Amsa ta zo da hantsi:
"Hannun tsohon zinari ne, makirfonka bai yi laifi ba.
Amma sa abin kunne, ka rufe ido.
Akwai wani ƙugi can ƙasa, daga farko har ƙarewa.
Mene ne shi?" Wannan ce tambaya.

Na sa, ban ji ba. Na sake, ban ji ba.
Sai rana ta uku, ina gangarawa kogi da tulu,
abin ya taso ta tafin ƙafata:
injin ban-ruwan Alhaji Gidaɗo,
mai shayar da ayaba tun ban iya tafiya ba.
An haife ni yana yi. Kunnena ya ɗauka shi ne shirun duniya.

Na durƙusa na roƙa. Alhaji ya daɗe yana kallona.
Ya ce, "Ayaba ba ta mutuwa da ƙishin rabin awa.
Daren Alhamis. Kada ka wuce, zan duba agogona."

Da injin ya tsaya
karnuka ma sun rasa abin faɗa.
Inna ta fito tsakar gida riƙe da ludayi
tana duban sama, kamar an kira ta daga baya.

Na danna ja. Na ɗaga wa Baba hannu.
Ya taɓa, ya tsuke, ya sassauta, ya sake tsukewa,
minti tara sun tafi a haka.
Can ya ce, "Na rasa inda zan ɗora ta.
Ashe shekara arba'in da wancan nake daidaita ta,
ban sani ba sai yau da ya tsaya."

Mun dai ɗauka a abin da ya rage.
Mu'awiya ya ce ko'ina aka kai ta za ta shige,
ba mai cewa daga ɗakin dawa ta fito.
Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Amma Baba, in ya zo da yamma,
ta farkon yake cewa in sa masa,
mai ƙugin nan a ƙasa,
ya jingina da kwalin ƙwai, yana kaɗa ƙafa ɗaya.