Ramin Fulogi Na Uku

A Kutaisi ruwa ake yi tun asuba,
kogin Riyoni ya cika yana gurnani,
ni kuwa na iso da motar mahaifina
ana tura ta kamar jakin da ya ƙi hanya.

Laifina ne, ba zan ɗora wa tsatsa ba.
Inji da zafi, ni ma da nawa,
na cusa fulogi a karkace,
ya cije, na ƙara ƙarfi,
sai sifana ta yi sakayau a hannuna,
tana juyi, ba ta kama komai.

Shalva bai yi faɗa ba.
Ya haska ramin da tocila,
ya zura ƙaramin yatsa, ya fito da ɓarɓashi
mai ƙyalli kamar ɓawon kifi.
"Alminiyam ba ya jayayya," in ji shi,
"ka matsa masa, ya bar maka wurin."

Sai inji ya huce tukuna.
Guliko ta miƙo burodi mai cuku ta taga,
na ci rabi, kunya ta cinye saura.

Ya juya injin da hannu, kunne a ƙasa,
har bawul suka rufe bakinsu.
Ya shafe ƙarfen yankan zare da giris,
kauri, kamar mai shirya amarya,
don duk ɓarɓashin da ya zubo
ya maƙale nan, kada ya faɗa wa fistan.
Rabin juyi gaba. Kaɗan baya.
Ya zare, ya goge, ya sake shafawa.
Na ƙirga sau tara, na daina ƙirge.
Ruwa na dukan kwano, shi ko a jikinsa.

Ya hura iska, ƙura ta tashi.
Sannan ya ɗauko 'yar waya nannaɗaɗɗiya,
ba ta kai zoben yaro ba,
ya murza ta cikin sabon zaren
har ta zauna daram, kamar can aka haife ta.

Ya miƙo mini fulogin. Na kai hannu ga sifana,
ya take ta da ƙafa.
"Yatsu tukuna. Ƙarfe kurma ne,
yatsa ne ke jin inda zare ya ce a'a."

Haka mahaifina yake cewa,
a kan murfin kwalba, a kan ƙofa, a kaina.
Shekara biyu ke nan da rufe shi,
sai yau na ji da kyau.

Fulogi ya shiga sumul, ba ƙara.
Na murɗa makulli. Ta yi tari sau ɗaya,
sannan huɗun suka ɗauka tare.

Shalva ya karɓi kuɗinsa bai ƙirga ba,
ya zuba mini ɓarɓashin a takarda,
ya ce in ajiye kusa da sitiyari.
Yana nan. Wani lokaci a danja
ina buɗewa in duba.